Ƙofar Kudu ta Masallacinmu

Juma'ar da ta wuce jikana ya ɗauke ni a babur zuwa Funtua don likita ya duba mini ido, sai lokacin salla ya riske mu a can. Muka nufi wani babban masallaci irin na yanzu, mai tayil da fankoki. A bakin shiga samari ne sanye da riguna iri ɗaya, duk wanda ya zo sai sun shafa masa wata na'ura a ƙirji da baya, in ta yi ƙara su ce ya fito da abin da ke aljihunsa. Ban ga laifinsu ba, duk wanda ke kwana yana tashi a ƙasar nan tamu ya san abin da ake gudu. Abin da ya tsayar da ni shi ne da na leƙa gefe, sai na ga sauran ƙofofin an naɗe su da sarƙa an datse da kwaɗo, wai don kowa ya bi ta hanya ɗaya a bincike shi. Na ce wa jikana ya shimfiɗa mini darduma a waje, bakin titi. Ya ce, "Kaka, rana fa ake yi, ga inuwa a ciki." Na ce masa ranar ta fi mini. Ya dube ni kamar tsufa ne ya fara taɓa mini kai, ni kuwa na bar shi da tunaninsa, don labarin ya fi ƙarfin bakin titi.

Garinmu yana can bayan Maska, ƙasar dawa da masara da auduga, wadda mu kaɗa muke ce mata. A zamanin da nake magana ba wanda ya taɓa jin wani abu wai shi mai gadin masallaci. Masallacinmu na Juma'a ginin ƙasa ne mai kauri, ƙofarsa biyu, ɗaya arewa wajen hanyar kasuwa, ɗaya kudu wajen wani fili mai tsamiya. Ba a kulle su. Matafiyi yakan shiga ya kwana, da asuba a tashe shi a miƙa masa ruwan alwala, in gari ya waye wani gida ya aiko masa da koko. Mahaifina shi ne ladan. Ba lasifika, ba inji, matakala ce ta ƙasa a jikin bango, ya hau ya toshe kunnuwa ya ɗaga murya, mutanen da ke aiki a fadama su ji shi sarai. Har yau in na rufe ido ina jin yadda muryarsa ke ɗan karyewa a ƙarshen kira, sai ƙarar butoci, da tarin tsofaffi, da jan takalma ana tuɓewa, da dakan mata daga gidajen da ke kusa. In iska ta juyo daga Funtua kuma, a ji kukan jirgin ƙasa siriri can nesa. Yanzu kowace unguwa da masallacinta da lasifikarta, suna kira a tare, har ka rasa na wa kake amsawa.

Baba mutum ne mai tsoron wuta. Yana ƙarami gobara ta cinye unguwarsu ta tafi da ƙanwarsa, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Saboda haka aikin ladancinsa ya wuce kira da shara. A bakin kowace ƙofa ya kafa randa, ba ta alwala ba ce, ba kuma ta sha ba, ko ƙishi ya kama mutum ba ya bari a taɓa ta. Ni nake cika su tun ina iya ɗaukar tulu, har na girma na yi aure ina cika su. A gefensu akwai tulin yashi. Da kaka ta yi, ciyawar da ke kewaye da masallaci ta fara bushewa, sai ya tara mu da fartanyu mu kankare ta tas. Fitila ba ta sauka daga alkuki, balle ta kusanci tabarma. Ƙyauren nan biyu ma sai da ya matsa wa kafinta ya sake ɗaura su yadda za su riƙa buɗewa ta waje. In an tambaye shi dalili yakan ce ai shigowa a hankali kowa ke yin ta, ɗaya bayan ɗaya, amma ranar da aka tsorata gaba ɗaya za a nemi fita. Abokan wasansa suna tsokanarsa, suna ce masa Ladan mai randa. Sai ya yi murmushi ya ce Allah Ya sa har ya mutu dariya kawai za su yi ta yi masa.

Akwai wani attajiri a garin, ba zan kama sunansa ba don jikokinsa suna nan, Alhaji kawai kowa ke ce masa, don a lokacin alhazan garin ba su da yawa. Shi ke sayen kaɗar garinmu da ƙauyukan kewaye ya kai gidan gurza a Funtua, shi kaɗai ke da babbar mota. Wata shekara rufin masallaci ya fara yoyo, ya sa aka sauke shi aka buga katako da kwano, aka yi silin da zana don rage zafi. Gari duka aka sa masa albarka, har da Baba. Amma tun daga ranar sai ya fara yi wa masallacin kallon wani sashe na gidansa. Sitonsa yana daura da filin nan na kudu. Shekarar da kaɗa ta yi kyau ƙwarai, sito ya cika ya batse, sai muka wayi gari ya zagaye filin da zana, ya jibge buhuna har jikin bangon masallaci, ya datse ƙofar kudu da kwaɗo ta waje, aka kuma jingina mata buhunan. Ranar Juma'a ce kasuwarmu, ranar ake awo ana lodi, sai direbansa ya tsiri ajiye motar da kayanta a inuwar ƙofar arewa, dab da rumfar da mutane ke tuɓe takalma.

Ni na raka Baba zauren Alhaji. Muka tarar da shi a kan kilishi, mutanensa sun kewaye shi. Bayan an gaisa Baba ya ce, "Alhaji, maganar ƙofar kudun nan ce ta kawo ni."

"Me ya same ta?"

"An kulle ta, ga kaya an jingina mata. Ka san yadda ɗakin nan ke cika ranar Juma'a. Ga mota kuma a bakin ɗayar. In wani abu ya taso, ta ina jama'a za su bi?"

Alhaji ya ce, "Me zai taso a ɗakin Allah, Ladan?"

Baba ya ce, "Ɗakin Allah ne, Alhaji, amma silin ɗinsa zana ce."

Wasu daga cikin mutanen suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Kai aikinka kira. Ka kira su su shigo, fitarsu ba ruwanka. Lokacin da ruwa ke zuba a kanku kuna sujada ban ga ka kawo kwano ko ɗaya ba. In an kwashe kaya zan buɗe. Ka gaida gida."

Baba bai haƙura ba. Ya je wurin Liman, ya je wurin mai gari, kowa ya ce masa ya yi haƙuri, 'yan kwanaki ne, kada a ɓata wa mutumin da ya yi wa addini hidima. Da ya ga haka sai ya sa na taya shi muka mirgina randar kudu muka shigar da ita ciki, bayan ƙyauren da aka kulle. Ina cika ta yana tsaye yana kallon silin.

Ranar da abin ya faru rani ya kankama, komai ya bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa daga arewa. Na makara wajen shayar da shanun huɗa, ban samu shiga ba, na tsaya a sahun waje ta yamma. Liman ya gama huɗuba ya ta da salla. Muna cikin raka'ar farko sai muka ji ana dukan duro da ƙarfe ba ƙaƙƙautawa, wani yana ihu, "Wuta! Wuta! Ku fito!" Mai Ƙusa ne. Haka muke kiran wani ɗan ƙabilar Ibo, sa'ana, Kirista, haifaffen Funtua, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen iyayensa. Shagonsa na ƙusoshi da fartanyu da diga yana tsallaken hanya, yana kallon ƙofar arewa, shi ya sa shi ya fara gani. Kaɗar da ke kan motar ce ta kama. Daga baya aka ce guntun taba ne direba ya yar wajen lodi, ya yi ta ci a ciki ba wanda ya sani. Wanda bai taɓa ganin kaɗa tana ci ba, ba zai gane ba. Kafin mu sallame kanmu daga salla motar ta zama dunƙulen wuta, iska ta kwantar da harshenta a kan rumfa, rumfa ta miƙa wa silin. Waɗanda ke bakin ƙofa suka yi tsalle suka fice. Sauran, cike da ɗaki, wuta ta tare musu hanya.

Na zaga kudu a guje, na banke zanar da aka kewaye filin da ita. Buhuna sun fi tsayina. Ta bayansu ina jin ana dukan ƙyaure da hannuwa, ana salati, ana kiran sunayen 'ya'ya, a cikin hayaniyar kuma ga muryar Baba, muryar nan da ake ji har fadama, yana cewa, "Ku durƙusa ƙasa! Ku daina turawa! Ku jiƙa rigunanku a randa!" Sai ga Alhaji. Ranar kasuwa a bakin ƙofa yake salla don idonsa ya kasance a kan motarsa, saboda haka yana cikin waɗanda suka fara fita, ko hularsa ba ta faɗi ba. Yana tsaye da ma'aikatansa suna jan buhuna, amma ba na bakin ƙofa ba, na can wajen sitonsa. Na cafki rigarsa na ce, "Alhaji, makulli! Makullin ƙofar nan!" Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Yana gida." Ya fizge rigarsa ya juya yana cewa, "Ku ja na can, ku ja na can, za ta kama sito!"

Ban tsaya ba, don ba lokacin tsayawa. Na fara jifa da buhuna, samari suka taru muna yi. Mai Ƙusa ya iso rungume da diga da gatura daga shagonsa, ya zube mana su a ƙasa, ya ɗauki gatari ɗaya. Ni da shi muka sari ƙyauren ta inda aka ɗaura shi da bango, kwaɗon yana lilo yana bugun katako, har ƙyauren ya faɗo. Baƙin hayaƙi ya fara fitowa, sannan mutane, da rarrafe, wani a kan wani, ana jan su ana zubewa a gindin tsamiya. Na hango Baba daga ciki, ya rakuɓe a gefen ƙofa, rawaninsa jiƙe a kan hancinsa, yana kamo tsofaffi da yara yana turo su waje. Na yi masa ihu ya fito. Ya ɗaga mini hannu, wai in dakata. Ya juya ya koma wajen wani makaho da ke lalube a sahun gaba, a nan silin ya rufto. Ni da Mai Ƙusa muka lulluɓa da jiƙaƙƙen buhu muka shiga muka jawo Baba. Ba zan faɗi yadda bayansa ya koma ba. Motar garin ɗaya ce, ga ta can tana ci, sai a amalanken shanu muka ɗora shi muka nufi titi ko Allah zai kawo mota mai zuwa Funtua. A hanya ya buɗe ido ya ce, "Kowa ya fita?" Na ce, "Kowa ya fita, Baba." Ya ce alhamdu lillahi. Ba mu kai bakin kwalta ba ya cika. Makahon nan bai fita ba, shi da wasu dattawa, da wani manomi da ɗansa da aka tarar rungume da juna.

Da la'asar muka dawo da gawar Baba. Ana shirin wanka, na bi ta filin kudu don in ɗauko makara. Wurin ba kowa, sai toka da warin ƙuna. Sai na hangi Alhaji shi kaɗai, ya sunkuya a kan ƙyauren da muka kayar. Yana sanye da rigar nan da na cafka. Ya sa hannu a aljihunta ya fito da makullai, ya zaɓi ɗaya, ya buɗe kwaɗon, ya cire shi ya jefa a aljihu, ya waiga hagu da dama. Muka haɗa ido. Ya kau da kai ya wuce. Shekaru sun tafi da abubuwa da yawa daga kaina, har fuskar matata ta fari sai na yi da ƙyar nake tuno ta, amma wannan sunkuyon yana nan kamar yau.

'Yan sanda suka zo suka tafi da direba, ba a jima ba ya dawo. Manya suka zauna suka ce ƙaddara ce, kowa ya ɗauki haƙuri. Na faɗi abin da na gani, aka ce zafin rashi ne ke sa ni magana. Alhaji ya zo ta'aziyya da buhunan gero, ya zauna a tabarmar ƙofar gidanmu yana jan carbi. Inna, mahaifiyata, ta aiko daga cikin gida a gaban kowa, ta ce a gaya wa Alhaji ta gode, amma ya kwashe geronsa, gidan Ladan ba a cin sa.

Bayan an share makoki, wata safiya na zauna a bayan rumbu ina wasa adda. Ban ji zuwan Inna ba sai da inuwarta ta rufe dutsen da nake wasa addar a kai. Tana cikin takaba, ta rame. Ta ce, "Wace gona za ka sara da rani?"

Na ci gaba da wasa addar.

Ta ce, "Ba ni nan." Na miƙa mata. Ta gwada kaifin da babban yatsa. "In ka sare shi, kafin azahar ya huta. A yi masa salla, a ce an kashe bawan Allah mai gina masallaci, kai kuma a rataye ka, in rasa biyu. Ni ba haka nake so ba. So nake ya daɗe. Ya daɗe a garin nan, ya fita ya shiga, kowa yana kallonsa ya san abin da ya yi."

Na ce, "Inna, to sai mu zuba masa ido?"

Ta ce, "Idon ma in na gari duka ne ya ishe shi. Tashi ka bi gidajen da aka yi rashi."

Haka na yi. Gida gida na bi, na faɗa musu abin da na gani a filin kudu, na dafa Alƙur'ani ga wanda ya nema. Ba mu yi taro ba, ba mu yi shela ba. Da kaka ta zagayo, aka wayi gari jakuna da amalanke sun yi layi da kaɗa, suka wuce ta gaban sikelin Alhaji ba wanda ya tsaya, muka miƙe har Dandume muka sayar. Tafiyar da nisa, wahalar ba kaɗan ba, wasu jakunan har suka yi miki a baya, amma ba wanda ya karya. In ya yi sallama a amsa masa, don wannan haƙƙi ne, daga nan ba ƙari. Zaurensa da ke cika da hantsi ya koma sai ma'aikatansa. Da ya yi sunan jikansa ya rarraba tuwo da nama gida gida, kwanukan suka koma masa a rufe yadda suka fito.

Sai ya tsiri gina masallaci. A kan tsohon wurin ya kafa shi, da bulo da siminti, da fenti kore, da lasifika mai batir, irin wanda ba a taɓa gani ba a yankinmu. Mu kuwa tun bayan gobara a gindin tsamiya muke salla, ni nake kira a madadin Baba. Ranar buɗewa ya gayyato baƙi daga Funtua da Malumfashi, aka yanka sa. Mutanen gari suka fito cikin fararen kaya, suka wuce ta gaban sabon ginin, suka shimfiɗa buzayensu a gindin tsamiya. Liman, wanda shi ma wutar ta bar masa tabo a hannu, ya kira ni gefe.

Ya ce, "Ɗan Ladan, masallaci na Allah ne, ko wa ya gina shi. Gaba kuma ba ta halatta tsakanin Musulmi. Ka san wannan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Ban hana kowa shiga ba, ka tambaye su. Amma ni ƙafata ba za ta taka wurin ba, sai ranar da ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi inda makullin nan yake lokacin da ake salati a bayan ƙyaure."

Liman ya daɗe yana duban tabon hannunsa. Ranar ya shiga ya ja baƙi salla, don ya riga ya yi alkawari. Juma'ar da ta biyo baya ya tarar da Alhaji da ma'aikatansa kaɗai, sahu ɗaya bai cika ba, ya fito ya zo gindin tsamiya ya tsaya a gabanmu. Alhaji kuwa bai taɓa fitowa ya faɗa ba.

Namu masallacin da gayya muka gina shi, a wani fili da ke nesa da sito da hanyar mota. Mata suka ɗebo ruwa, samari suka buga tubali, Mai Ƙusa ya kawo ƙusoshi da ƙarafunan ƙyaure ya ce kada wanda ya yi masa maganar kuɗi. Ƙofofi muka yi masa arewa da kudu da yamma, masu faɗi, duk suna buɗewa ta waje, kuma na tsaya a kan kafinta don kada ya buga wa ko ɗaya wurin rataya kwaɗo. Randuna suka koma durorin ƙarfe, ga yashi a bokitai. Muka kafa duwatsu a kewaye don kada mota ta matso. Kowace Juma'a samari suna karɓa-karɓa, wasu su tsaya a waje suna zagayawa har a sallame, sannan su yi tasu. Lokaci lokaci bayan sallar asuba nakan tsayar da mutane in nuna wa kowane sahu ƙofar da zai bi, in ce a fara da tsofaffi da yara. A da da dariya za a yi, amma yanzu ba wanda ya yi. Mai Ƙusa ya ga tsarin ya kai wa 'yar majami'arsu da ke bakin gari, su ma suka fasa bango suka ƙara ƙofa. Wata shekara da tarzoma ta tashi a manyan garuruwa, aka ce wasu baƙin matasa suna tafe za su ƙona ta, samarin nan namu na Juma'a su suka je suka tsaya a gabanta da sanduna har abin ya lafa. Mu mutane ne masu riƙo, na yarda, amma alheri ma haka muke riƙe shi.

Addu'ar Inna ta karɓu, Alhaji ya daɗe. Bai talauce ba, don ya mai da harkarsa Funtua, amma a garinmu yake kwana, a garinmu yake tashi. Yana ji yana gani fentin masallacinsa ya koɗe, jemagu suka cika silin, awaki suna kwana a barandar. Na sha hango shi da magariba shi kaɗai a ciki, shi ne liman shi ne mamu. Ban taɓa jin tausayinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji ba don in burge mai karatu. Daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta. Wata rana da hantsi babban ɗansa ya zo ya durƙusa a zaurena ya ce, "Malam Ladan, Alhaji yana roƙon ka zo." Na shiga na gaya wa Inna, lokacin ta tsufa tukuf, ba ta fita ko tsakar gida. Ta ce, "Je ka. Ka dube shi da kyau, ka zo ka ba ni labari."

Na tarar da shi a kan katifa, ya ƙanƙance, bakinsa ya karkace. Ya sa aka fita aka bar mu. Da ƙyar maganarsa ke fita. Ya ce, "Ɗan Ladan, tafiya ta zo. Ka yafe mini."

Na ce, "Me zan yafe, Alhaji? Ai an ce ƙaddara ce."

Hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya. Ya ce, "Makullin yana aljihuna. Na ruɗe ne. Kaɗar nake gani, wallahi ita kaɗai nake gani. Da na dawo hankalina an riga an kayar da ƙyauren."

Na ce, "Yanzu ka faɗa, a ɗaki, daga ni sai kai."

Ya ce, "Don Allah."

Na matso kusa da kunnensa don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Na ce, "Nawa haƙƙin, da na uwata da ta tsufa ba miji, ban yafe ba. Na Baba kuwa, da na makaho, da na mutumin nan da ɗansa, ba a hannuna yake ba balle in ba ka. Suna gaba. Ka kusa iske su, sai ka roƙe su da bakinka." Na tashi na sa takalmana. Yana kirana har na fita zaure.

Bai kai Juma'a ba. Aka yi masa sutura, na tsaya a sahu aka yi masa salla da ni, don wannan wajibi ne, ba nawa ba ne balle in hana shi. A garinmu ladan ke nuna inda za a haƙa kabari, saboda shi ya san inda kowa yake kwance. Masu haƙa suka zo da digarsu suka ce, "Malam, ina za mu sara?" Maƙabartar tana da fili ta ko'ina. Na wuce gaba suna bina, na ratsa har inda Baba yake, na sa sandata a ƙasa dab da shi na ce, "Nan." Ɗan Alhaji ya dube ni, ya ja gefe, masu haƙa suka fara sara.

Da aka rufe shi jama'a suka watse, na tsaya na yi wa mahaifina addu'a. Sannan na ce, "Baba, ga shi nan na kawo maka." Na karkaɗe rigata na nufi gida, don Inna tana jiran labari.